Mai Haƙar Rijiya da Kwafin Wayarsa

Malam Tanimu, tunda ka ajiye alli ka zo koyon wannan sana'a ta gyaran waya da furfurarka, kuma na ga ka ƙosa da zaman da nake sa ka yi gaban baƙin allon kwamfuta kana rubuta umarni harafi bayan harafi, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai haƙar rijiya, shekara talatin yana shiga ƙasa yana fito wa mutane da ruwa. Ba ya rubutu, boko ko ajami. Da 'yarsa ta saya masa waya, sai ya mai da ita littafinsa. Duk rijiyar da ya gama, sai ya ɗauki hotonta, ya kara wayar a baki ya faɗa: gari kaza, gabas da tsamiya, marmara a zurfin gaba huɗu, yumɓu a gaba bakwai, ruwa a gaba goma sha ɗaya. Har wuraren da ya haƙa ya tarar da dutse ya haƙura, duk ya faɗa mata. Cikin shekara shida ta haddace ƙarƙashin ƙasar ƙauyuka arba'in. Ana nan sai wayar ta fara ciwo, ta kunnu ta mutu, ta kunnu ta mutu, ga shi mutanen wani ƙauye da rijiyarsu ta rufta sun aiko ya zo jibi. Ya taɓa gwada ƙasarsu sau uku, biyu suka ƙi, ya kuma manta wanne ne ya ba da ruwa. Ran kasuwa ya kai ta wurin wani mai gyara da aka sani da nawa. Mai gyaran ya duba, ya ce manhajar da ke tafiyar da wayar ce ta lalace, sai an sake zuba mata wata. Amma bai zuba ba tukuna. Ya jona ta da kwamfuta, ya buɗe baƙin allo, ya rubuta umarni, wayar ta jero masa sunayen ɓangarorin da aka kasa cikinta: wanda ke tashinta in an kunna, wanda ke riƙe da lambar da layi ke gane ta da ita, wanda manhaja ke zaune, da babban da ke ɗauke da kayan mai ita. Ya fara da kwafe taswirar da ke nuna iyakokinsu, sannan ya shiga kwafe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa da kwanan wata, in ya gama ya auna kwafin da na asali ya ga sun yi daidai. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Motar garin mai rijiya ta cika ta tashi ba shi. Ya tsaya a ƙofar shago yana huci, ya ce a rumfar can gaba minti goma ake yi. Mai gyara bai ɗago kai ba, ya ce, "Baba, kai ma ba ka shiga rami sai ka gwada igiya."

Da kwafi ya kammala ya fara zuba sabuwar manhaja. An kai rabi aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa. Wuta ta dawo, waya ba ta dawo ba. A danna, a riƙe, a girgiza, fuskarta baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Maƙwabtan rumfa suka leƙo, kowa ya juya ta a hannu ya ce wannan ta zama bulo, sai dai a sayar da gilashinta. Tsohon ya zauna a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai yi faɗa ba. Mutumin da ƙasa ta taɓa rufta masa har ƙirji bai yi kuka ba, ran nan idonsa ya kawo ruwa, domin ya san ƙwaƙwalwarsa ba za ta sake tara abin da ya ba wayar nan ba. Mai gyara ya aro batiri a shagon mai cajin waya don kada a maimaita, ya sake buɗe baƙin allon. Ya fara mayar da taswirar da ke nuna iyakar kowane ɓangare, sannan ɓangaren tashi, sannan na lamba. Kafin ya danna kowane umarni sai ya bi sunan da yatsa ya karanta sau biyu, don harafi ɗaya in ya kauce, kayan wani ɓangare za su danne na wani. Ya zuba manhaja lafiyayya, ya mayar da babban ɓangaren a ƙarshe. Ya danna maɓalli. Wayar ta yi shiru kamar mai tunani, can ta yi haske, sandunan layi suka hau. Tsohon ya karɓa, ya lalubo hoton ƙauyen, sai ga muryarsa ta shekara huɗu baya tana cewa a bar wajen masallaci da bakin kasuwa, dutse ne, a haƙa arewa da turken shanun mai gari, ruwa na gaba tara. Ya kwana gidan wani ɗan'uwansa, da safe ya bi motar farko. Kafin sati uku matan ƙauyen sun daina tafiya rafi da jarka. Kwafin kuma mai gyara ya zuba masa a ɗan katin ajiya, tsohon ya sa aka ɗinke shi a fata, ya ba 'yarsa ta adana a akwati.

To, Malam, jawo kujera ka fara da jero ɓangarorin wayar nan da ke gabanka. Masu iya magana sun ce ajiya maganin wata rana.