Sunan Kawu a Kundin Ɗanladi

Ɗanladi ɗan Jibiya ne, yana shekarar ƙarshe a jami'a. Aka ce ya rubuto kundin bincike kan yadda kaya ke ƙetare iyaka. Malama Salmatu, mai koya masu rubutun bincike, ta ja masu kunne tun a aji.

"Ku taka da ƙafarku ku tambayi mutane. Abin da ba a faɗa maku ba, kada ku rubuta. Wanda ya yarda ya yi maku magana kuwa, ku sakaya sunansa."

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ɗanladi bai ji ba. Ya dawo hutu ya ƙarar da shi a rumfar mai shayi, yana latsa waya. Da lokaci ya ƙure, sai ya shige ɗaki ya ƙago hira daga kansa. Ya tsinto jita-jitar rumfa kan wata ɓarauniyar hanya ta bayan ƙauyen Gangara, wadda ake shigo da shinkafa ta cikinta. Don a yarda da shi, ya jingina maganar ga kawunsa Yahya, mai facin taya a bakin tasha: "Kamar yadda Yahya mai faci ya shaida mini."

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki hoton shafin ya tura zauren samarin unguwa na waya, don a ce ya iya Turanci. Magana kuwa zarar bunu ce.

Mako bai zagayo ba aka kama lodin shinkafa a hanyar nan. Masu kayan suka bazama neman wanda ya tsegunta. Wani ya karanta masu shafin, ya fassara.

Ranar kasuwa, da tsakar rana, su biyar suka dira rumfar Yahya da gorori.

"Kai ne mai dogon baki ko? Har jami'a ka kai mu!"

"Wace jami'a, bayin Allah? Ni da ko sunana ban iya rubutawa!"

Ba su saurara ba. Gora ta farko ta fasa masa goshi. Ya faɗi cikin tayoyi, suka rufe shi da duka. Ɗaya ya ɗauki ƙarfen ɓallar taya, ya take hannunsa na dama, ya yi ta kirɓa har ƙashi ya fito.

Ɗanladi ya iso a guje yana ihu. "Ƙarya ce! Wallahi ni na ƙaga ta!"

"Ƙarya a takardar jami'a? Raina mana hankali za ka yi?" Suka haɗa wa Ɗanladi baki da ƙarfen, haƙora uku suka zube.

Yahya ya rayu, amma hannun ya shanye, ido ɗaya ya tafi. Rumfar da ke ciyar da mutum tara ta rufe. Malama Salmatu ta soke kundin.

Ranar da Ɗanladi ya durƙusa gaban gadon kawunsa a asibiti, Yahya ya juyo da idon da ya rage.

"Ɗan nan, taku nawa ne daga gidanku zuwa rumfata? Da ka zo ka tambaye ni, da na ce maka ban sani ba."

Ku 'yan makaranta, an ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wani lokaci na gefensa ake fara jiƙawa. Ku je ku tambaya, ku rubuta abin da kuka ji kawai, ku rufa wa mai ba ku labari asiri.