Majinyaci Mai Lamba Tara

Ƙarfe huɗu daidai jinin ya tsaya, sojar ta ɗaga hannunta daga cinyar akuyar. Tun safe muka sa dabbar barci, aka yanke mata jijiya, aka ce wa yarinyar nan idan ta bari ta mutu, ta faɗi jarrabawar zama likitar fagen fama. A sansaninmu ba a cewa akuya, majinyaci ake cewa.

"Kin ci, 'yar ƙauye," in ji sajan. "Je ki wanke hannu."

"Yaushe zai farka, Yallaɓai?"

Sai ya kalle ni. Shekara ashirin ke nan ni ke yi wa dabbobin allurar ƙarshe. Ba wanda ke farkawa, haka dokar take.

Bayan shekara uku yarinyar ta zo gaishe ni, ta ba ni labari. Bam ya yaga cinyar wani soja, ta danne jijiyar.

Ya dube ta ya ce, "Likita, kin taɓa yi kuwa?"

"Sau ɗaya."

"Ya rayu?"

"Ya rayu har na ɗaga hannuna."

Sojan kam ya rayu. Amma a asibiti sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsunta daga jikinsa.