Muryar da Ke Kiran Makiyaya

Ran da ya kamata kiran allura ya fita, mai kula da na'urar ƙungiyar makiyaya ya kunna ta a ofishinsu na Tawa, ya tarar da ita wayam. Ɓarayin intanet sun shiga ta wata kafa, sun share komai.

Ya san kafar sarai. Shekara biyu ke nan masu kula da harshen kwamfutar da ya rubuta manhajar ƙungiyar da shi suna aiko facin tsaro na toshe irin wannan kafa duk wata uku, shi kuwa yana ɗagawa. Ba lalaci ba ne. Manhajar ce ke kiran wayoyin makiyaya kafin allurar dabbobi, kuma muryar da ke yi musu magana ta mahaifinsa ce, tsohon malamin dabbobi, wadda ya naɗa wata guda kafin rasuwarsa. Sau ɗaya ya gwada sabuntawa, muryar ta riƙa sarƙewa, sai ya koma wa tsohuwar. Ko kwafi bai ajiye ba, don a ganinsa abin da ba a taɓa ba ba ya lalacewa.

Da azahar wani dattijo ya kira daga Takanamat.

"Ɗana, lahiya? Yau ba mu ji tsoho ba, Allah shi jiƙan shi. Na san ranar allura, amma na fi son in ji ya ce, 'Kada ku bari sai ciwo ya shigo garke.' Sa mini shi."

Ɗan marigayin ya rufe ido yana laluben muryar a ransa. Kalmomin suna nan, ko ɗaya bai ɓace ba. Yadda tsohon ke faɗarsu ne ya kasa tunawa.