Ƙusa Ta Shida

Biyar. Asger Thygesen ya sake ƙirgawa yana taɓa kowace da yatsa. Biyar dai. Gurbin ƙusa shida ne a allon kayan aikinsa, na ƙarshen babu komai a ciki.

Ƙusoshin ƙananan ƙarafa ne da ake riƙe bakin jaka da su yayin ninke laimar ko-ta-kwana, wadda mai dirowa daga jirgi ke ja idan babbar laimarsa ta ƙi buɗewa. In aka manta ɗaya a ciki, ita ma ba za ta buɗe ba. Shi ya sa dokar ɗakin ninki ta ce a ƙirga kaya kafin a sa hatimi. Da safen nan Asger ya ninke ta jaka mai lamba bakwai, ya matse hatimin dalma, ya sa hannu a kati, ya tafi shan kofi bai ƙirga ba. Shekara goma sha ɗaya yana aikin, hannu ya saba.

Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya zazzage kwandon shara, ya laluba aljihunsa sau uku. Sannan ya duba inda ake rataye jakunkunan ɗalibai. Lamba bakwai ba ta nan. Bodil Krarup, shugabar masu ninki a wannan kulob na masu dirowa daga jirgi, ta shigo ɗazu aron almakashi, ta ce za ta wuce da jakar. Ita ta koya masa aikin tun bai san gaban laima da bayanta ba, kuma a makon jiya ta faɗa a gaban kowa cewa ƙarshen bazarar nan za ta ajiye aiki ta miƙa masa makullin ɗakin.

Ta taga ya hango jirgi a bakin fili, farfela na juyawa. Ɗalibai huɗu sun jeru. Ta uku ita ce Solvej, ma'aikaciyar jinya daga garin Herning, yau dirowarta ta uku ke nan. Lamba bakwai na goye a bayanta.

Taku ɗari biyu ne tsakaninsu. Asger ya fito da sauri.

"Ga sabon sarkin ɗakin ninki!" in ji Troels mai horar da ɗalibai, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ka fito duba talakawanka ne?"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, ya ɗaga hannu, tafiyarsa ta rage sauri. Me zai ce? A kashe jirgi, na sa hatimi ban ƙirga ba? Kafin yamma labarin ya zaga duk filayen dirowa na yankin Jutland. Wataƙila ƙusar ta faɗa wani lungu ne. Ko ma tana ciki, ai da wuya babbar laima ta ƙi buɗewa.

Bodil na bakin ƙofar jirgin. Ta ja ɗamarar Solvej, ta sassauta, ta sake ja. Matuƙi ya nuna mata agogo, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta zura hannu a aljihun rigar sanyinta, ta juyo ta dubi wajen da Asger yake tsaye.

Ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi, wadda ba ta kwance ba. Kafin ya ɗago an rufe ƙofa.

Jirgin na hawa, mijin Solvej ya matso daga bakin shinge ya miƙo masa kofi. "Kai ne mai ninke musu, ko? Ta ce muddin hatiminka na jiki, ita kam ba ta jin tsoro."

Asger ya karɓi kofin, ya mai da ido sama.

Daga ƙasa ɗalibai kamar ɗigo ake hango su. Ɗigo na farko ya faɗo daga jirgin, laima ta buɗe. Na biyu ma haka. Na uku ya faɗo. Asger ya ƙirga a ransa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai ga laima rawaya ta baje fes a sararin sama. Mijin ya buga ihu yana dukan kafaɗar Asger.

Solvej ta sauka da mazaunai a cikin ciyawa tana ƙyaƙyata dariya. Da ta iso ta rungume mijinta, ta rungume Asger. Ya kasa kallon idonta. Ya ce ta kawo jakar ya rage mata nauyi.

Ya shiga ɗaki ya tura ƙofa, ya tsinke hatimin, ya ja. Laimar ta fallo waje lafiya ƙalau. Ya bi ta ninki-ninki, igiya-igiya, ya juye jakar. Babu ƙusa. Ya jira sanyi ya sauko masa a rai, bai sauko ba. Lokacin da ya durƙusa kan takalminsa ai bai san babu ƙusar a ciki ba.

Ƙofa ta buɗe. Bodil ta tsaya tana kallon laimar da ke baje a ƙasa.

"Dubawa kawai nake yi," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Ta fiddo hannunta daga aljihu, ta ajiye wani abu a kan tebur, ya yi ƙara kaɗan.

"Tun da na shigo aron almakashi ƙusar take wurina, Asger. Minti goma na riƙe jirgin nan ina jiran ka zo ka hana shi tashi."