Tsohon Direba da Mararrabar Ɗan Jirginsa

Zauna ka ji, ɗan'uwa, tun da na lura kai ma idan abu ya ƙi, ƙarfi kawai ka san ka ƙara masa.

An yi wani tsohon direban jirgin ƙasa a Nguru, shekara talatin da ɗoriya yana jan taragun gyaɗa da na shanu, kuma abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: bai taɓa kayar da jirgi ba. Da ya ajiye aiki, 'yarsa da ke aure a ƙasar waje ta ga kewar layin dogo na neman kwantar da shi, sai ta aiko masa da jirgin wasa mai aiki da lantarki, kan jirgin bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Ya karɓe teburin matarsa ya shimfiɗa layin a zaure. Layin nan yana da mararraba guda ɗaya tak, inda wani ɗan harshen ƙarfe ke karkatar da jirgi ya bi hagu ko ya miƙe. Tsoho fa baki har kunne. Tun kafin ya gwada abin sosai ya aika wa tsofaffin abokan aikinsa su zo ranar Asabar ta sama, wai zai nuna musu yadda ake shiga mararraba, don a cewarsa rabinsu har suka yi ritaya ba su iya ba. Ka ji inda ya ɗaure kansa da kansa. Ɗan jirgi ya yi ta gudu lafiya lau, amma da ya iso mararraba sai ya cije, ya tsaya cak yana gurnani kamar jakin da ya ga rafi.

To, maimakon bawan Allahn nan ya tsaya ya duba, sai ya ɗauko dabarun babban jirgi. Ya ƙara wuta har abin ya soma ƙauri. Ya lafta giris, ƙura ta zo ta manne. Da ya tuna yadda suke yi idan ƙafafun jirgi na sulɓi a hawa, sai ya barbaɗa yashi. Yashi fa, jama'a, a kan layin da bai fi tsinken tsintsiya kauri ba! Akwai wani mai gyaran agogo da ke kafa teburinsa a ƙofar gidan, sau biyu yana leƙowa yana cewa, “Baba, a ba ni in duba ƙafafun nan mana.” Tsoho ya harare shi ya ce, “Kai da ba ka taɓa riƙe abin da ya fi ƙwayar gero ba? Ni tarago arba'in nake ja. Tsaya kan agogonka.” Daga nan ya yanke hukunci cewa laifin harshen mararraba ne, ya ɗauko magagari ya hau goga. Ya goga yau, ya goga gobe, yana tsaki yana zagin maƙerin da bai taɓa gani ba. Jirgi dai yana nan kan bakansa. Wallahi ni da nake ba ka labarin ma raina ɓaci yake yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci haƙurin matarsa ya ƙare. Ta ce, “Malam, ko dai ka ba yaron nan ya duba, ko in kwashe tarkacen nan in samu teburina.” Ba don ya so ba ya miƙa. Mai agogo ya maƙala gilashinsa a ido, ya share yashi da giris, ya birkice ɗan jirgin, cikinsa na kallon sama. Ashe ƙafafu biyu ne na gaba suka buɗe, tazararsu ta ƙaru da abin da bai wuce kaurin silin gashi ba, shi ya sa suke cijewa a matsatsin mararraba. Ya sa su tsakanin yatsu biyu ya matsa, ƙas! Shi ke nan gyaran. Amma da ya duba harshen da aka goge, sai ya girgiza kai. Magagari ya cinye shi, ba zai ƙara riƙe ƙafar jirgi ba, kuma duk garin babu mai sayar da irinsa.

Asabar ta zo, tsofaffi suka cika zaure. Jirgi ya yi ta zagaye a miƙe, tsoho yana ta jan hira don kada a tuna da alkawarinsa. Ina! Can wani ya ce, “Direba, a juya mana layi mana, abin da ya kawo mu ke nan.” Ba yadda zai yi, ya juya. Ɗan jirgi ya iso, ya hau gogaggen harshe, ya kife, taragu suka zube a kan tabarma. Dariya ta ɓarke har da masu share hawaye. Wanda ya fi kowa tsufa a cikinsu ya ce, “Shekara talatin ba ka kayar da jirgi ba, sai yau a zaurenka.” Tsoho ya sunkuya yana tsince taragu, kunya ta hana shi ɗaga kai ya dubi ƙofa, inda mai agogo ke tsaye.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.