Sunan Da Gona Ta Riga Ta Sani

Tun da aka yi dokar cewa gona ce za ta faɗi masu ita, duk gundumar da ta rasa magadan noma sai a haɗe ta da birni. Ranar ƙidaya, ma'aikaciya Lantana ta kafa sandar sauraro a gonar Malam Barmo, wanda 'ya'yansa duk sun ajiye fartanya.

Sandar ta shiga jero sunayen waɗanda suka taɓa noma wurin, kaka da kakanni, har mutum goma sha tara. Barmo ya tuɓe takalmansa. Bayan sunansa, sai sandar ta ƙara da cewa, "Sa'adatu."

"Baba, wace ce?" in ji Lantana.

Barmo ya ce, "Jikata ce. Jiya na yi mata huɗuba. Ko uwarta ba ta ji sunan ba tukuna."