Shirun 'Yar Akuya

Wata bakwai da rasuwar matarsa, Tela bai taɓa komai nata ba. Tufafinta suna cikin akwati, madubinta yana jingine inda ta bar shi. Abu ɗaya ne nata da yake motsi a gidan: akuyarta, ja mai baƙi zagaye da idanu, wadda marigayiyar take kira Mai Kwalli.

Wata Talata da hantsi Mai Kwalli ta haihu, 'ya'ya uku rigis. Biyu maza ne, suka miƙe suna tangaɗi suka kame nonon uwar. Ta ukun mace ce, 'yar firit, ba ta fi almakashin Tela nauyi ba. Aka kai bakinta ga nono, ta kasa kamawa. Kuka kawai take yi, siriri kamar zaren da ya kusa tsinkewa.

Yayarsa, wadda ta dawo gidan da zama tun bayan rasuwar, ta tsuguna ta duba ta.

"Auta, wannan sai malamin dabbobi. Ga shagonsa nan a ƙarshen layi."

"Ai na ga yadda yake yi, Yaya. Bara a gidan mai gyaran rediyo, ina tsaye a kansa. Roba ce siririya ake zurawa har ciki, a tura nono da sirinji. Shi ke nan."

"Kana kallo, ko kana surutu?"

"Haba Yaya! Shekara talatin ina zura zare a allura, ko tabarau ba na sawa, bakin akuya ne zai gagare ni?"

"Allura ba ta numfashi, Auta."

Ya yi kamar bai ji ba. Abin da bai faɗa mata ba shi ne, so yake ya raya wannan 'yar da hannunsa. A asibiti hannun wasu ne suka yi wa matarsa komai, shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da mayafinta, har aka fito aka ce ya yi haƙuri.

Ya je kyamis ya sayo robar da sirinji. Ya tatso dakashi, nonon farko mai kauri, a kofi. Ya ciro tef daga wuyansa ya auna daga hancin 'yar akuyar zuwa haƙarƙarin ƙarshe, kamar yadda ya ga an yi, ya ɗaura jan zare a jikin robar daidai wurin. A awo kam, ko malamin ba zai fi shi ba. Ya ɗora 'yar a cinya, ya ɗage kanta sama sosai, ya zura.

Robar ta tsaya tun ba ta kai jan zaren ba. Kukan kuma ya ɗauke ɗif.

"Kin ji ko?" Tela ya yi murmushin da yayarsa ta daɗe ba ta gani a fuskarsa ba. "Ta yi shiru. Ta san abinci ya iso."

Ya danna sirinjin har ƙarshe.

Bakin 'yar akuyar a buɗe yake, harshenta yana rawa, amma ba sauti. Ƙafafunta suka miƙe. Sai farin kumfa ya fara fitowa ta hancinta, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. Tela ya fizge robar, ya girgiza 'yar, ya hura mata iska, ya kira sunan Allah, ya kira sunan matarsa bai san ya kira ba. Yaya ta fita a guje, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Kafin malamin dabbobi ya iso, jikin ya saki. Malamin ya durƙusa ya taɓa ƙirjinta, ya dubi robar da jan zarenta.

"Baba, awonka daidai ne. Da ka zura, ta ci gaba da kuka?"

"A'a. Shiru ta yi. Na ɗauka daɗi ta ji."

Malamin ya sunkuyar da kai. "Hanya biyu ce a wuyanta, ta abinci da ta iska, suna manne da juna. In robar ta bi ta abinci, za ta yi ta kukanta har ka gaji, kuma za ka ji robar da yatsa a gefen hagu na wuyan. In ta bi ta iska, muryar ce take fara mutuwa. Ni kukan nake saurare kafin in danna, Baba. Shi ne ba a gani daga tsaye."

"To nonon..."

"Cikin huhunta ya tafi."

Kwana uku Mai Kwalli tana zagaya turke tana shinshina inda aka kwantar da 'yar. Tela ya koma shago, amma maƙwabta suka lura ba ya bari keken ɗinkinsa ya tsaya. Ko aiki ya ƙare, ƙafarsa tana kan feda. Da zarar ƙarar ta yanke, sai ya ga ƙaramin bakin nan a buɗe yana kiransa ba murya, ya kuma ji a babban yatsansa yadda sirinjin ya tafi sumul, ba gardama ko kaɗan. Wata rana mai kawo ɗinki ta ce, "Tela, ba zare a keken nan fa." Ya ce ya sani.

Masu karatu, ganin aiki sau ɗaya ba koyonsa ba ne. In jaririn dabba ya kasa tsotso, ku kira wanda ya iya, ya koya muku hannu da hannu kafin ku taɓa roba. Ƙauna ba ta zama ilimi, kuma ba kowane shiru ne ƙoshi ba.